Babi na Bakwai: Me Za Ka Koya Daga Injin Da Ba Ka Iya Cinyewa?

Duk wanda ya sauke manhajar darar ces a wayarsa, kwamfuta ta yi ta lallasa shi a kai a kai, akwai tambayar da takan faɗo masa a rai: to ni me nake koya a nan? Idan wannan 'yar wayar ta fi zakaran duniya iya wasa, ina amfanin zaman da nake yi a gabanta? Wanda kuma ya ɗan yi nisa har ya fara shiga gasa a intanet, tasa tambayar daban ce: wannan da ya cinye ni yanzu, da kansa yake tunani, ko kuwa yana da wata waya a gefe da take gaya masa abin da zai taka? Tambayoyin nan biyu uwarsu ɗaya, domin injin da zai karantar da kai shi ne dai wanda wani yake satar amsa da shi. Bari mu fara da sanin ƙarfinsa tukuna.

Yadda inji ya tsere wa mutum

A watan Fabrairun 1996, a birnin Philadelphia na Amurka, zakaran duniya na lokacin, Garry Kasparov, ya kara da Deep Blue, kwamfutar kamfanin IBM, ya kuma doke ta da maki 4 da 2. Shekara na zagayowa, a watan Mayun 1997, aka sake haɗa su a New York bayan an ƙara mata ƙarfi, sai ta rama da maki 3½ da 2½. Ƙatuwar na'ura ce da aka ƙera don wannan aiki kaɗai, tana duba zaman 'ya'yan dara a kan allo har wajen iri miliyan 200 a daƙiƙa guda. Ba a cika shekara 10 ba, a 2006, Vladimir Kramnik, wanda shi ne ya karɓe kambun daga hannun Kasparov, ya sha kashi da 4 da 2 a birnin Bonn na Jamus a hannun Deep Fritz, manhajar da ake sayarwa kowa ya sa a kwamfutarsa. A wasa na biyu ma Kramnik bai lura cewa taku ɗaya ya rage a kama masa sarki ba. Zakaran duniya ke nan fa. Inji ba ya irin wannan gafala, ba ya gajiya, ba ya jin tsoron sunan wanda ke gabansa.

Injin da ya fi yaɗuwa a yau sunansa Stockfish. Kyauta ne, masu aikin sa kai ne suke gina shi tun 2008. Makin ƙarfi mafi girma da ɗan Adam ya taɓa kaiwa shi ne 2882, na Magnus Carlsen ɗan ƙasar Norway a 2014. Su kuwa manyan injuna ana ƙiyasta su sama da 3500. A 2017 kamfanin DeepMind ya fito da AlphaZero, wanda ba a koya masa komai ba sai dokokin wasa, aka bar shi ya yi ta karawa da kansa har ya goge. Da aka haɗa shi da Stockfish na wancan lokaci a wasa 100, ya ci 28, sauran 72 canjaras, ba a ci shi ko sau ɗaya ba. Daga 2020 shi ma Stockfish ya rungumi irin wannan dabara ta horar da na'ura da ɗimbin misalai, ya ƙara nisa.

Saboda haka maganar cinye inji mai cikakken ƙarfi, a cire ta daga rai. Babu mai yin haka yanzu.

Fagen gasa ya koma aljihu

An fara buga ces ta intanet tun farkon shekarun 1990, amma gidaje biyu ne suka mamaye fagen a yau. Akwai Chess.com, kamfani ne na Amurka da ya fara a 2007, yana da ɓangaren kyauta da na biya. Akwai kuma Lichess, wanda wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya kafa a 2010. Babu talla, babu biya, da gudummawar masu amfani da shi yake tafiya. A kowannensu, mutumin da ke Gusau ko Damagaram zai danna maɓalli, kafin ya ƙifta ido an haɗa shi da wani daga Indiya ko Brazil wanda makinsu ya yi kusa. Data kaɗan wasan yake ci, tunda abin da ake aikawa bai wuce sunan gidan da ɗan dara ya tashi da wanda ya sauka ba.

Abin da zai fara rikita sabon shiga shi ne lambobin lokaci. Idan ka ga 3+2, ana nufin kowa yana da minti 3, kuma duk takun da ya yi ana ƙara masa daƙiƙa 2. Idan 15+10 ne, minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10. Akwai har na minti ɗaya tak babu ƙari. Duk wanda agogonsa ya ƙare ya faɗi, ko da shi ke da rinjaye a kan allo, matuƙar ɗayan yana da 'ya'yan da za su iya kama sarki.

Gasar kuma iri biyu aka fi yi. Ta farko zagaye-zagaye ce: a ƙayyade, misali, zagaye 9 ko 11, kowane zagaye a haɗa waɗanda makinsu ya yi daidai, masu ci su yi ta haɗuwa da masu ci. Irin wannan tsari ake bi a gasar da Chess.com yake shiryawa duk Talata don masu riƙe da lambar girma ta ces, wadda Carlsen da Hikaru Nakamura suka saba shiga. Ta biyu ita ce wadda Lichess yake kira Arena: a ba da awa ɗaya ko biyu, da ka gama wasa a haɗa ka da wani, wanda ya fi tara maki kafin lokaci ya cika shi ne gwani. Ci maki 2, canjaras 1, kuma idan ka ci biyu a jere sai makin kowane wasa ya zama ninki biyu har sai an tare ka. Har akwai maɓallin da za ka danna ka yafe rabin lokacinka don ka sami ƙarin maki ɗaya idan ka ci. Akwai daɗi, akwai zafi, amma ni ban ga abin da mai koyo zai tsinta a wasan minti ɗaya ba illa saurin yatsa. Wanda yake son ya gane wasan, ya riƙe 15+10.

Shekarar 2020 ce ta ɗaga darajar wannan fage. Annobar korona ta rufe zaurukan gasa, Carlsen ya shirya gasar manya ta intanet a watan Afrilu da kyautar dala 250,000, hukumar ces ta duniya, FIDE, ita ma ta mayar da gasar ƙasashe intanet, ƙasashe sama da 160 suka shiga. A wasan ƙarshe, ranar 30 ga Agusta, Indiya da Rasha ne suka rage. Ana tsakiyar zagaye na biyu sai intanet ta yanke wa 'yan Indiya biyu, Nihal Sarin da Divya Deshmukh, agogonsu ya ci gaba da tafiya har ya ƙare. Indiya ta ɗaukaka ƙara, aka gano matsalar ba daga gare su take ba, babbar tangarɗa ce da ta shafi ƙasashe da dama, sai shugaban FIDE, Arkady Dvorkovich, ya yanke hukuncin a ba ƙasashen biyu zinare tare. Kai da ni babu wanda zai zauna ya saurari ƙararmu idan sabis ya ɗauke. Ba a fafe gora ranar tafiya: a caja waya, a nemi inda sabis yake tsayawa, a kashe abin da zai katse, sannan a shiga gasa.

Satar amsa

Wannan ce cutar gasar intanet. Mutum ya buɗe inji a wata na'ura, ya riƙa shigar da takun abokin karawarsa, yana kwafo amsa. Chess.com da Lichess duk sun haramta wannan, har a wasannin da ake ba da kwana ɗaya ko fiye ga kowane taku.

Yadda ake kama su ya fi yadda mutane suke zato zurfi. Ba dacewa da zaɓin inji kaɗai ake dubawa ba, domin a wuri mai sauƙi kowa zai dace da shi. Ana duba wuraren da suke da wuya, inda akwai taku uku ko huɗu masu kama da daidai amma ɗaya ne kawai yake aiki. Ana duba lokaci: mutum yakan rama ci nan take, ya daɗe a inda ya rikice, shi kuwa mai kwafe yakan ɗauki daƙiƙu kusan iri ɗaya a kowane taku, mai sauƙi da mai wuya, saboda lokacin shigarwa da kwafowa ne yake ci masa. Ana kwatanta wasansa na yau da tarihinsa. A gasar da ke da kuɗi kuma sai a tilasta kyamara biyu, ɗaya a fuska ɗaya a baya, a kuma nuna fuskar kwamfuta ga alƙalai. Wani malamin jami'a a Buffalo, Ken Regan, ya shahara da lissafin da FIDE take dogara da shi a irin wannan bincike. Duk da haka gwani ya fi wuyar kamawa, domin shi ba ya buƙatar a gaya masa kowane taku. Sau ɗaya ko biyu a inda wasa ya ƙulle ya ishe shi.

Rikicin da ya fi girgiza duniyar ces a kan wannan ya faru a watan Satumban 2022. A gasar Sinquefield da ke St. Louis, ido da ido a kan allo, wani matashi Ba'amurke ɗan shekara 19, Hans Niemann, ya doke Carlsen. Washegari Carlsen ya janye daga gasar, kuma da suka sake haɗuwa a wata gasar intanet bayan mako biyu, taku ɗaya ya yi ya sallama. Niemann ya amsa cewa ya taɓa satar amsa a intanet yana ɗan shekara 12 da kuma 16. Chess.com ya fitar da rahoto mai shafi 72 da ke cewa da alama ya yi hakan a wasanni sama da 100 na intanet, amma rahoton bai kawo hujjar cewa ya yi maguɗi a wasansa da Carlsen ba. Niemann ya shigar da ƙarar neman dala miliyan 100, aka sasanta a watan Agustan 2023, ya koma wasa a Chess.com. Daga baya FIDE ta ci Carlsen tarar yuro 10,000 saboda janyewa ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi a labarin nan shi ne ɓarna biyu ce. Maguɗin yaro ya bi shi har girmansa, zargi kuma ya tashi a inda ba a sami hujja ba. Idan ka ji zuciyarka tana raya maka cewa wanda ya cinye ka inji ne, kada ka zage shi. Akwai maɓallin kai ƙara, danna shi ka bar wa masu bincike. Sannan ka buɗe bitar wasan. Sau da yawa za ka tarar shi ma ya tafka kurakurai manya, kai ne dai ba ka gan su ba.

Lambar da ke gefen allo

Da ka buɗe bita, za ka ga wata sanda a gefen allo, rabi fari rabi baƙi, da lamba a jikinta. Idan lambar tana da alamar tarawa, farare ne ke gaba. Idan ta ɗebewa ce, baƙaƙe. Asalin ma'aunin dakare ne, wato ƙaramin ɗan dara na sahun gaba: shi 1 ne, doki da giwa kusan 3 kowanne, hasumiya 5, sarauniya 9. Don haka +3 tamkar a ce farare sun fi da doki guda, ko da a kan allo 'ya'yan sun yi daidai. Wataƙila sarkin baƙaƙe ne a fili, ko 'ya'yansu sun cushe ba su da hanya. Manhajar za ta kuma yi wa takunka alama: ?! ɗan sakaci, ? kuskure, ?? babbar katoɓara.

A nan mutane da yawa suke ɓata. Inji kamar malamin da ya karɓi takardar jarrabawarka ne, ya bi ta da jan biro, ya rubuta amsar daidai a gefen kowace tambaya, ya miƙo maka ya juya ya tafi bai ce uffan ba. Makin da ya ba ka gaskiya ne, amsarsa ma daidai ce. Amma bai san abin da ya sa ka rubuta taka ba, kuma a can ciwon yake.

Ga misalin da kusan kowane mai koyo ya taɓa faɗawa. Farare sun tura dakare zuwa gidan e4, baƙaƙe suka tare da e5. Giwar farare ta fito c4, dokin baƙaƙe ya fito c6. Sai sarauniyar farare ta yi tsalle zuwa h5. Mai baƙaƙe ya ga sarauniya ta fito da wuri, ya ce bari in kore ta, ya fito da ɗaya dokin zuwa f6. Sarauniya ta ci dakaren f7, giwa tana mara mata baya daga c4, sarki ba shi da wurin gudu. Wasa ya ƙare a taku na 4. Inji zai sa ?? a kan fitowar doki, ya ce a tura dakare g6. Mai gaggawa zai haddace: kada a kai doki f6. To amma bi layin gaba kaɗan. Bayan g6, sarauniya ta koma f3, ta sake auna f7 ta wata hanya. Mece ce amsa mai kyau yanzu? Doki zuwa f6, shi dai wannan takun, domin a yanzu ya tsaya tsakanin sarauniya da f7 ya toshe mata hanya. Ashe ba dokin ne da laifi ba. Laifin shi ne mai wasa ya duba abin da shi yake so ya yi, bai tambayi abin da abokin karawarsa yake nufi da takunsa na ƙarshe ba. Wannan bayani babu shi a cikin lambar. Wanda ya gano shi da kansa ya tsira daga tarkuna ɗari masu kama da wannan. Wanda ya haddace g6 kawai ya tsira daga guda ɗaya.

Akwai kuma inda lambar take faɗin gaskiyar da ba taka ba ce. Idan ya rage maka sarki da giwa da doki, ɗayan kuma sarki kaɗai, inji zai ce ka riga ka ci, kuma daga kusan kowane zama ana iya kama sarkin cikin taku 33 ko ƙasa da haka. Amma dabarar tana da wuya, har manyan gwanaye an taɓa gani sun kasa ta, ga kuma dokar da ta ba da damar neman canjaras idan aka yi taku 50 ba a ci komai ba, ba a kuma motsa dakare ba. A zaman da 'ya'ya 7 ko ƙasa da haka suka rage, kwamfutoci sun riga sun lissafe komai har ƙarshe, kuma an sami wanda cinsa yake buƙatar taku sama da 500. Wannan ilimi ne na gaske, amma ba mai shiga kan mutum ba. Shi ya sa wani lokaci takun da inji ya sa a na biyu ya fi maka alheri, idan shi ne wanda ka fahimci abin da zai biyo bayansa. Haka nan bambancin +0.3 da +0.6 bai kai abin da mai koyo zai ɓata dare a kansa ba.

Kai ne farko, inji daga baya

Mikhail Botvinnik, tsohon zakaran duniya na Tarayyar Sobiyet wanda Kasparov da Kramnik duk suka bi ta makarantarsa, ya shahara da matsa wa ɗalibai su riƙa yin sharhin wasanninsu da kansu. Zuwan inji bai rage wa wannan shawara komai ba.

Idan ka gama wasa, musamman wanda aka cinye ka, bar injin a kashe. Bi wasan daga farko, ka tsaya a inda ka daɗe kana tunani, da inda ka ji wasan ya fara kuɓuce maka. Rubuta a littafi, da kalmominka, abin da kake tsoro a lokacin da abin da kake nema, da takun da kake ganin ya fi yanzu da hankalinka ya kwanta. Bayan nan ne za ka kunna inji. Kada ka bi kowace alama. Nemi wuri biyu ko uku da sandar ta yi babban tsalle. A kowane ɗaya, kafin ka kalli amsarsa, sake gwadawa. Idan ka kalla ba ka gane dalilinta ba, taka abin da kai kake ganin zai rusa ta, ka bar shi ya nuna maka yadda zai rama, ka yi ta yi har sai ka iya faɗin dalilin da bakinka ba tare da lamba ba. Wurin da ya fi tsada shi ne inda kai ka rubuta cewa komai lafiya, inji kuma ya ce a nan ka faɗi.

Bayan wasa 20 ko 30, karanta littafin nan naka daga farko. Za ka ga kurakuran ba su da yawan da kake zato, 'yan kaɗan ne suke ta dawowa da sabuwar riga. Wani kullum doki ne yake yi masa cin biyu, wani yana barin sarkinsa a tsakiya, wani kuwa sai ya sami rinjaye hankalinsa yake tashi ya yi gaggawa. Wasa ɗaya da aka yi wa irin wannan bita ya fi goma da aka buga aka wuce.

Idan da inji za ka kara

Ana iya rage wa inji ƙarfi. A Lichess mataki 8 ne. Sai dai yadda ake raunana shi ba irin raunin mutum ba ne. Ana sa shi ne ya riƙa zaɓen taku mara kyau lokaci zuwa lokaci, sai ka ga ya yi taku goma na gwani, ya kawo na sha ɗaya ya ajiye maka hasumiya a banza. Wanda ya saba da wannan yakan koyi jiran kyauta. Don magance haka ne wasu masu bincike daga jami'o'in Toronto da Cornell tare da Microsoft suka fito da Maia a 2020, injin da aka horar da miliyoyin wasannin mutane don ya taka abin da mutum mai maki 1100 ko 1500 ko 1900 zai taka, har da irin kurakuransa. Ana samunsa a Lichess, kuma ga mai koyo ya fi kama da abokin karawa na gaske.

Inji mai cikakken ƙarfi ma yana da ranarsa. Ɗauko zaman da ka sami rinjaye a wani wasa amma ka kasa ci, jera shi a allo, ka ba inji ɓangaren da ke baya, ka gwada ƙarasawa. Ba zai sallama ba, ba zai taimake ka da kuskure ba, duk wata kafa da ka bari zai bi ta. Mafi yawan masu wannan gwaji sukan tarar cewa inda suke zubar da rinjayensu shi ne bayan manyan 'ya'ya sun bar allo, saura sarki da 'yan dakaru. A babi na gaba nan za mu zauna: sarki da dakare ɗaya a gaban sarki, yaushe dakaren yake kaiwa gidan ƙarshe ya zama sarauniya, yaushe kuma ake tare shi.